Ranar da Jirgi Ya Ƙi Jiran Falalu

Falalu maƙwabcina ne a Moss Side, gida biyu ne tsakaninmu. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jin muryarsa ta ratso bangon mutane tana iske ni a ɗakina. Aikinsa a council ne, ɓangaren da ake ba mutane takardar ajiye mota a ƙofar gida. Amma in ka ji shi a bakin masallaci ran Juma'a, sai ka ɗauka mabuɗin Manchester a aljihunsa yake kwana.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, shi ne shugabancin ƙungiyarmu ta 'yan Arewa, wadda ta haɗa mu na Manchester da na Birmingham. Sau biyu yana tsayawa, sau biyu yana shan ƙasa. A karo na uku abokin karawarsa Injiniya Lawal ne na unguwar Ladywood a Birmingham, mutumin da in ya yi kalma goma a taro, to ranar ya yi surutu. Mutanen Birmingham sun fi mu yawa, kuma suna son nasu. Falalu ya gane in bai zo da abin da zai ruɗa su ba, faɗuwa ta uku na nan tafe.

Ranar wata Lahadi muna zaune a wani gidan abinci a Rusholme, motocin bas na ta gurnani a kan titin Wilmslow, sai ya miƙe ya buga cokali a jikin kofi. Ya ce bana ba za a yi taron shekara a ɗakin haya mai kujerun roba ba. Bana cruise za a yi. Jirgin ruwa na shaƙatawa, mai hawa goma, kwana biyu, daga Liverpool zuwa Belfast a dawo. Zaɓe kuwa a tsakiyar teku za a yi shi, yadda tarihi zai rubuta. Kuma shi zai jagoranci tafiyar, tunda duk cikinmu ba wanda ya san ruwa kamarsa.

Dakta Rabi'a, sakatariyar ƙungiya, likita ce a Birmingham, ba ta da wasa. Ta sauke tabarau ta tambaye shi ko ya taɓa shiga jirgin ruwa. Ya ce ruwa a jininsa yake, bara ma ya yi tafiya a jirgi har matuƙin ya ba shi sitiyari ya riƙe. Da aka matsa masa da tambaya, sai ta fito fili cewa ɗan siririn kwale-kwalen nan ne da ke yawo da baƙi a magudanar Birmingham.

Injiniya Lawal ya ce, "Wanda ke bi ta bayan flat ɗinmu? Ai ina riga shi da ƙafa in zan je masallaci."

Aka yi dariya. Wani ya ce me zai hana a tambayi Baba Salihu, wato ni, tunda na yi shekara goma sha tara a jiragen dakon kaya tsakanin Apapa da Liverpool kafin in zauna a ƙasar nan. Falalu ya kaɗa hannu.

"Baba a ƙasa ya zauna, wajen inji da baƙin mai. Mu maganar sama muke yi."

Na ci gaba da shan shayina.

Aka amince. Dakta Rabi'a ta rubuta cewa zaɓe ran Lahadi ne da ƙarfe shida na yamma a cikin jirgi, ta kuma tuna wa kowa dokar ƙungiya, cewa ɗan takarar da ba ya cikin ɗakin a lokacin zaɓe ya fita. Falalu ya gyaɗa kai da ƙarfi. Shi ya kawo dokar shekarun baya, don ya kayar da wani da ya tafi gida jana'iza.

Akwai wata al'ada tamu da kowa ya sani. In an ce suna ƙarfe biyu, to huɗu ne. Mai shirya taro yana rage awa biyu daga lokacin gaskiya, masu zuwa su mayar da awa biyun, sai a haɗu daidai. Ba wanda ya yaudari wani. Falalu yana kiran wannan ilimin tafiyar da jama'a, yana kuma cewa shi ne malaminsa.

Motar da za ta kai mu Liverpool ƙarfe goma za ta zo ran Asabar. Sai ya sanar a group cewa takwas ne, a ƙofar gidansa, har mutanen Birmingham. Matsalar ita ce ya cika tsoratarwa. Kullum sai ya aiko da murya cewa wanda ya makara ko da minti ɗaya ne an bar shi. Karo na farko a tarihin ƙungiya, mutane suka gaskata. 'Yan Birmingham suna idar da asuba suka kamo hanya. Takwas daidai mutum arba'in na tsaye a layinmu, ruwan sama na zuba, ba mota, ba Falalu. Labulensa ma a sauke yake. Na buɗe gidana mata suka shiga, na ɗora ruwan zafi. Maza suka laɓe a gindin bango, manyan riguna sun manne a jiki.

Goma saura minti goma ya fito. Babbar riga shuɗiya, da farar hular kyaftin mai zanen ƙugiya da ya sayo a intanet. Ya dubi jiƙaƙƙun mutane ya ce ma sha Allah, wannan shi ake kira horo. Dakta Rabi'a ta matse bakin mayafinta ruwa ya zuba a kan takalminsa.

Sai maganar guzuri. Sati biyu kafin tafiya ya gargaɗi kowa cewa babu abin da Musulmi zai iya ci a jirgi, daga naman alade sai giya. Kowane gida ya zo da abin girkinsa. Matarsa Hajiya Raki ta yi kwana biyu tana tuƙi, ta cika kula biyu da malmalar tuwo, ta uku da miyar kuka. A tashar Liverpool kaya suka bi ta cikin na'ura. Aka fara fitowa da tukwanen lantarki ɗaya bayan ɗaya, da butocin shayi, da wuƙaƙe, da ƙaramin murhun gas na Falalu. Teburin ma'aikatan ya koma kamar rumfar 'yan gwanjo. Wata ma'aikaciya ta ce duk abin da ke yin zafi ba ya shiga, dafaffen abinci ma haka.

Falalu ya gyara hula ya gaya mata shi ne group leader, kuma abincin nan magani ne a wurinmu. Don ya tabbatar mata, sai ya buɗe kular miya. Ƙamshin daddawa ya tashi. Turawan da ke bayanmu a layi suka ja da baya taki uku. Ya juya zai yi musu bayani, hannun rigarsa ya kwaso murfin, kular ta kife. Miyar kuka ta malale a kan tayil, tana yauƙi tana bin gangare har gindin na'urar. Aka rufe layinmu rabin awa ana gogewa. Abin da ya tsira kilishi ne da dambun nama da butocin alwala.

Muna shiga jirgi aka nuna mana ɗakin cin abinci. Tsawonsa ya kai layinmu na Moss Side. Shinkafa iri uku, kifi, dankali, kaji da rubutun halal a gabansu, 'ya'yan itatuwa tuli, kuma ba mai tambayarka sau nawa ka zuba. Hajiya Raki ta tsaya ta daɗe tana kallon kajin nan. Sannan ta juyo ta kalli mijinta. Shi kuma ya shiga kallon rufin ɗaki yana cewa ginin ya yi kyau.

A nan wani dattijo baƙi mai farar kwat da maɓallan zinariya ya ji muna Hausa, ya matso ya ce sannunku da zuwa mutanen gida. Sunansa Nyam, mutumin Jos ne, ya shekara ashirin yana aikin jirgi. Falalu ya ga farar kwat, ya ga maɓallai, ya damƙi hannunsa da hannu biyu yana kiransa kyaftin.

Nyam ya ce, "A'a, yallaɓai. Ni ne babban masu kai abinci a ɗakin nan."

Falalu ya kashe mana ido ɗaya. Ya ce haka manya suke, ba sa faɗin muƙaminsu a cikin jama'a. Ya ciro ƙunshin kilishi mafi girma ya cusa masa, ya karɓi lambar wayarsa. Kafin a gama cin abinci duk ƙungiya ta ji cewa mataimakin kyaftin mutumin Falalu ne, kuma jirgin nan ba ya motsi sai sun yi shawara.

Kowane jirgi kafin ya tashi sai an yi gwajin haɗari. Ana busa ƙararrawa, kowa ya je wurin da aka rubuta masa, a nuna masa yadda ake sa rigar ruwa. Sau uku aka sanar a lasifika. Falalu bai ji ba, don a lokacin yana tsaye yana mana lacca kan yadda namiji ke natsuwa a teku. Yana cikin cewa tsoro shi ke kashe mutum kafin ruwa, sai ƙararrawa ta ɗauka, gajeru bakwai da doguwa ɗaya.

Ban taɓa ganin mai ƙiba ya yi gudu irin wannan ba. Ya taka mayafin matarsa, ya ture wata tsohuwar Baturiya mai sanda, ya ɓace. Mu muka bi ma'aikata a hankali zuwa wurin taruwa. Muna tsaye a jere sai ga shi ya ɓullo da rigar ruwa ɗaya a wuya, ɗaya ɗaure a ƙugu, yana kalmar shahada da ƙarfi, yana neman hanyar hawa ƙaramin jirgin ceto. Jirginmu kuwa yana nan ɗaure da igiya a Liverpool. Ana hango motocin bas suna wucewa a titi.

Hajiya Raki ta ce, "Alhaji, ɗayar rigar ta wa ce?"

"Taki ce. Kawo miki zan yi."

"Shi ya sa ka yi mata ƙulli biyu a ƙugunka?"

Ya ce gwada ma'aikatan yake, ya ga ko a shirye suke. Wata daga cikin matan Birmingham ta ce lallai ya gwada su, har tsohuwar ma ya gwada.

Ƙarfe biyar jirgi ya tashi. Zan faɗi gaskiya, abin ya yi daɗi. Na hau can sama na sami kujera mai shimfiɗa na miƙe ƙafa. Wani ya kawo mini shayi ban roƙa ba. Liverpool tana ja da baya, tsuntsayen teku na bin mu. Tsofaffin matanmu da ba su taɓa ganin ruwa marar gaɓa ba suka jeru a jikin ƙarfe suna tasbihi suna ɗaukar hoto. Ɗalibai 'yan jami'a suka gano inda ake ba da askirim, ba a sake ganinsu ba. A ɗakina na tarar an naɗe tawul an yi masa siffar giwa, na rasa yadda zan yi in goge fuska da shi. Ina jin bugun inji a tafin ƙafata, na san akwai waɗansu a can ƙasa suna gumi. Shekara goma sha tara ina ƙasan, ban san haka saman yake ba.

Dakta Rabi'a ta bi kowa da ƙwayar hana jiri. Falalu ya ƙi karɓa, ya ce ta ba mata da 'yan Birmingham. Ya koma ɗakin abinci ya ci faranti uku, don ya nuna cikinsa na mutanen teku ne.

An ba mu wani ɗaki na yin salla. Tun jirgi na tsaye Falalu ya shiga ya manna jan salatif a kan kafet, ya yi kibiya, ya rubuta alƙibla. Da magariba ta yi muka taru, Injiniya Lawal ya duba wayarsa ya ce kibiyar nan yanzu Amurka take kallo. Falalu ya ce shi da hannunsa ya auna, kuma alƙibla ba ta motsi.

Lawal ya ce, "Ita ba ta motsi. Mu ne muke motsi."

Falalu ya buɗe baki zai ba da amsa, sai jirgi ya hau wata igiyar ruwa ya sauko. Tekun da ke tsakanin Ingila da Ireland ba ta da kunya. Fuskarsa ta canja launi. Ya toshe baki ya fita da gudu, ya kama ƙarfen gefe, faranti ukun nan suka koma teku ɗaya bayan ɗaya. Iska ta cire hular kyaftin ta bi su. Muka juya sahu yadda Lawal ya nuna muka yi sallarmu. Da muka fito yana nan a durƙushe, yana roƙon Dakta ko ƙwayar nan ta rage.

Da safe muka farka a Belfast. A bakin matakalar sauka an kafa allo da manyan lambobi: kowa ya dawo huɗu da rabi, jirgi zai tashi biyar. Karatuna bai yi nisa ba, amma lamba ina karanta ta.

Falalu ya warware, bakinsa ya dawo. Sai dai ya lura ko 'yan Manchester sun fara kawar da kai in ya doso. Ya ja ni gefe ya gaya mini sabuwar dabara. Zai shiga gari ya sa a yi masa ƙaton kek mai siffar jirgi, a rubuta Shugaba Falalu a jikinsa, ya sayi sabuwar hula. Ana dab da zaɓe zai shigo da shi ana tafi, zukata su juyo. Matsala ɗaya, ran Lahadi manyan shagunan garin ba sa buɗewa sai ƙarfe ɗaya, amma ba komai, biyar da rabi zai dawo.

Na nuna masa allon. Na ce, "Huɗu da rabi."

Ya yi dariya har da dafa kafaɗata.

"Baba, ni za a koya wa wannan? Wanda ya rubuta allon nan mai shirya tafiya ne irina. Mutum dubu biyu zai tara. In ya ce huɗu da rabi, shida da rabi yake nufi. Ni da zan dawo biyar da rabi ma na yi sammako."

Na ce masa na ga an bar mai dafa wa kyaftin abinci a Freetown, yana tsaye da kwandon kifi a hannu.

Ya ce wannan jirgin kaya ne. Kuma shi ya riga ya yi shiri biyu. Na farko, ya ajiye jakarsa a kan kujera kusa da matakala, yadda ake yi a tasha, kowa ya san mai wurin yana nan tafe. Na biyu, ya gaya wa mutuminsa ya riƙe masa jirgin. Nyam na wucewa da tire a lokacin. Ya tsaya ya ce shi ko lif ɗin hawa bene ba shi da ikon riƙewa. Falalu ya sake kashe mini ido.

Na yi magana sau biyu. Ban saba yin ta uku ba.

Muka zaga gari da sauran jama'a, muka ga abin da za mu gani. Kada a ce mutanenmu sun koyi kiyaye lokaci ne. Abin da ya dawo da su shi ne labarin cewa ƙarfe huɗu ana raba shayi da kek iri-iri a jirgi. Huɗu saura kwata kowa na ciki da faranti a hannu.

Huɗu da rabi ta yi. Wani ma'aikaci ya ɗauki jakar Falalu ya kai ɗakin kayan da aka manta. Lasifika ta kira sunansa, ta sake kira, ta kira na uku. Hajiya Raki ta buga masa waya, muna kewaye da ita. Ya ce kada ta damu, tsoratarwa ce, shi ma haka yake yi. Ya ce ta gaya wa ma'aikatan yana hanya. A bayan muryarsa muna jin wata mata na tambayarsa da Turanci ko sunan da za ta rubuta a kek ɗin L biyu gare shi ko uku.

Jami'in da ke bakin matakala ya yi haƙurin minti goma bayan biyar, don Dakta Rabi'a ta roƙe shi. Daga nan ya dubi agogo ya ɗaga hannu. Aka janye matakala. Aka saki igiyoyi. Jirgi ya yi ƙaho mai tsawo, wanda na ji har cikin haƙorana.

Mun yi nisan da bai fi jifa biyu ba sai ga tasi ta shigo tashar. Falalu ya fito a hankali, sabuwar hula a kai, kwali ƙato a hannu biyu. Ya tako kamar ango. Sai da ya zo bakin gaɓa ya ga ruwa a inda ya bar matakala. Ya tsaya. Ya dubi ruwan, ya dubi jirgin, ya dubi agogonsa.

Fasinjoji sun cika gefen jirgi hawa-hawa. Ashe wannan abin kallo ne da suka saba jira. Suka ɗauki tafi da fito, wayoyi duk a sama. Falalu ya ɗauka tarba ce, har ya ɗaga musu hannu. Sannan ya ajiye kwalin a kan wani turken ƙarfe ya ciro waya.

Wayar Nyam ta yi ƙara. Yana tsaye kusa da ni da butar shayi. Ya dube ni, na ce ya buɗe kowa ya ji.

"Kyaftin, ga ni na iso. A juyo."

"Yallaɓai, shayi nake rabawa."

"Bar wasa. Ka hau sama ka gaya musu shugaban tafiya ne."

"Ban taɓa hawa can ba, yallaɓai. Ko ƙofar ban sani ba."

Falalu ya ce, "To kilishin fa?"

Nyam ya ce, "Ya yi daɗi ƙwarai. Allah ya saka."

Daga nan ne ya fara gudu. Ya suri kwalin ya bi gefen gaɓa yana ɗaga shi sama don mu ga abin da za mu rasa. Murfin ya buɗe. Daga inda muke muna iya hango jirgin sukari fari da shuɗi. Babbar riga ta kama wani turke, ya tafi gaba, kek ya riga shi isa ƙasa. Tsuntsayen teku ba su jira an yi musu bisimilla ba. Kafin ya miƙe sun rufe wurin, ɗaya ma ta sauka a kan sabuwar hular. Turawa na ta ihu kamar ana ƙwallo. Hajiya Raki ta juya ta ce a ƙara mata shayi.

Ya sake bugowa, wannan karon ga Dakta Rabi'a, yana haki. Ya ce a ɗage zaɓe, wannan zalunci ne, ba a taɓa yin mota ta tashi ta bar mai ita ba. Dakta ta buɗe littafin ƙungiya ta karanta masa dokar daga farko har ƙarshe, da ranar da aka kafa ta, da sunan wanda ya kawo ta. Ta tambaye shi ko yana da gyara. Sai muka ji wayar ta mutu.

Ƙarfe shida daidai aka yi zaɓe, Belfast ta zama ɗigo a bayanmu. Aka ce masu son Injiniya Lawal su ɗaga hannu. Hajiya Raki ta ɗaga biyu. Dakta ta ce ɗaya ake ƙirgawa. Ta ce ta sani, ɗayan na tuwonta ne. Lawal ya miƙe ya yi jawabin kama aiki, ya ce na gode, ya zauna. Muka tafi cin kaji.

Ran Litinin da safe muka iso Liverpool. Falalu na tsaye a bakin tasha, ido ja, riga da tabon sukari. Ya biyo jirgin fito na manyan motoci, ya kwana a zaune tsakanin direbobi. Ya tarbe mu da cewa ya riga mu zuwa ne don ya tabbatar motar komawa ta iso. Ya ƙara da cewa duk ƙungiya shi kaɗai ne ya hau jirgi biyu a tafiya ɗaya. Wani ɗalibi ya miƙa masa waya ya ga kansa yana faɗuwa, an sa abin yana maimaituwa, kuma mutanen gida har sun fara turo shi daga Kano.

Wata guda bayan haka sabon shugaba ya kira taro a Rusholme, ya ce ƙarfe huɗu. Na fito sayen burodi wajen uku da rabi na ga Falalu a tashar bas, yana duba agogo kamar mai jiran sakamakon asibiti. Mai gidan abincin ya gaya mini huɗu saura minti biyar ya shigo, ya zauna shi kaɗai a tsakiyar kujerun da ba a sauke ba, har ya taya su shimfiɗa teburi.

Mu kuwa shida muka zo.